Gawar Selvam a Gonar Dabino

Da hantsi aka kira Sufeto Abdulrauf daga Madina zuwa wata gonar dabino a Khaibar. An tsinci gawar wani lebura ɗan Indiya mai suna Selvam kusa da injin ban ruwa, ƙeyarsa a fashe.

'Yan ƙasarsa sun tsaya can nesa. Ɗan'inna kaɗai, wani mutumin Maraɗi mai hawan dabino, ke zaune kusa da gawar yana korar ƙudaje.

"Abokinka ne?" Sufeto ya tambaye shi da Hausa.

"Ba shi da aboki, ranka ya daɗe. Mutanensu sun ce shi Dalit ne, wai a tsarinsu na Hindu irinsa ba a taɓa su. Bayan ɗaki yake cin abinci, kofinsa daban. Jiya dai ya gaji. Ya zauna cikinsu, ya sa hannu a tiren shinkafa, ya ce ai bishiya ɗaya ake hawa. Duk suka tashi suka bar shi."

Sufeto ya buɗe hannun mamacin. Wani tsinkakken jan zare ya maƙale a yatsunsa.

Ya sa aka kira shugaban leburori, Tiwari, shi ma ɗan Indiya.

"Yau ko ganinsa ban yi ba," in ji Tiwari. "Tun da nake ban taɓa irinsu ba."

A kicin, Suhaib, kuku ɗan Sudan, ya faɗi abin da ya gani.

"Wallahi da safe Tiwari ya dawo daga wajen inji, ya shige wanka da tufafinsa a jiki."

Sufeto ya koma wajen Tiwari. "Miƙo hannunka."

A wuyan hannun akwai farin shatin zaren da 'yan Hindu ke ɗaurawa, da sabon yagushi, amma babu zaren.

"Me ka je wankewa?"

Tiwari ya dubi hannun nasa. "Na je in gargaɗe shi ne. Sai ya kama hannuna, ya ce, 'Ka gani? Babu abin da ya same ka.' Ni kuwa na hankaɗa shi, ya faɗa kan ƙarfen injin."

Aka sa masa ankwa, aka kai shi mota.

Motar asibiti ta iso da ma'aikaci ɗaya tak. Sufeto ya nemi masu kama gawa. Leburorin suka sunkuyar da kai, babu wanda ya motsa.

Sai Sufeto ya naɗe hannun rigarsa, ya kama kafaɗu. Ɗan'inna ya kama ƙafafu.