Tsohon da Aka Ɓoye wa Masu Duba Gida

Ranar Laraba da hantsi, a watan Oktoba na 1998, Sufeto Ma Wei ya dawo ofis daga ɗakin ajiye gawa. Tsohuwar da ya je gani an yar da ita ne a ƙofar wani asibiti a unguwar Baiyun, cikin birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Ba takarda a jikinta, ba wanda ya zo nemanta. Likita ya ce ƙishirwa ce ta kashe ta, kuma duka hannayenta akwai shatin ɗauri.

Bai kai ga zama ba Saje Lin ya leƙo.

"Yallaɓai, akwai wata baƙar mace a teburin karɓar ƙara. Ba wanda ke jin abin da take faɗa."

Sufeto ya yi shekara shida yana tuƙa likitocin ƙasarsu a Maraɗi kafin ya shiga ɗan sanda. Yana jin muryarta ya gane yaren.

"Hajiya, sannu. Zauna ki yi mini bayani."

Matar ta zuba masa ido, sai hawaye. Ta ce sunanta Habsatou, daga Maraɗi. Ita da mahaifinta, Alhaji Tankari, sun zo sarin kaya a baje kolin Canton da ake yi a garin. Sati uku da suka wuce ya yanke jiki ya faɗi a otal ɗinsu na titin Liuhua Lu, ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya mutu. Asibiti sun sallame shi, jirgi ya ƙi ɗaukarsa sai ya ƙara ƙarfi.

"Sai Shitu, Bakanon da ke aika mana kaya, ya sama masa gado a wani gidan kula da tsofaffi. Kullum ina can. Ran Lahadi ya ce kar in je, masu duba gida za su zo daga gwamnati. Na haƙura kwana biyu. Yau na je, suka ce ba su taɓa ganin Baba ba."

"Tsofaffin gidan, ana ɗaure su?"

Ta ɗago da sauri. "Da tsumma, a jikin gado. Yaya aka yi ka sani?"

Sufeto ya ɗauki hularsa. "Taso mu tafi."

Gidan bene ne mai hawa uku a bayan wata masana'antar takalma. Mai gidan, Mista Luo, ya tarbe su da shayi da murmushi. Ya nuna musu sabuwar takardar shaida a bango, hatiminta ja wur.

"Ran Litinin aka duba mu. Gado arba'in, tsofaffi arba'in, kamar yadda lasisi ya ce. Baƙo kuwa, ai doka ba ta ba mu izinin kwantar da shi ba."

"Wannan matar fa?"

"Ban santa ba."

Habsatou ba ta jira fassara ba. Ta haye sama, ta shiga ɗaki na bakwai, ta tsaya a kusurwar da babu komai sai tukunyar fure.

"Nan gadonsa yake."

Sufeto ya durƙusa. Duk gadajen ɗakin a jere suke da bango, amma a nan akwai shatin ƙafafu huɗu a karkace, da jan da ƙarfe ya yi wa siminti.

"Me ya sa aka karkata shi?"

"Ni na ja shi. Na ga a garin nan alƙibla yamma take, ina so in ya kwanta a damansa ya fuskance ta."

Sufeto Musulmi ne, ya san inda alƙiblar Guangzhou take. Ya bi shatin da ido, ya ga daidai.

Mista Luo ya ce, "Masu shara ne ke jan gadaje."

A gadon kusa wani tsoho na zaune, an saka masa sabuwar riga mai karin guga. Saje Lin ya tambaye shi ko ya san wanda ke kwana a kusurwar.

Tsohon ya kalli mai gidan, ya ce, "Muna ci mu ƙoshi. Ana kula da mu."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan, kaka."

"Muna ci mu ƙoshi. Ana kula da mu."

Ya dunƙule wani abu a hannunsa. Sufeto ya buɗe yatsun a hankali. Ɓarin goro ne, ya bushe ya yi baƙi.

Habsatou ta ce, "Ni na ba shi. In na ɓara wa Baba nakan miƙa masa."

Sufeto ya juya. "Mista Luo, a wace kasuwa kuke sayo wannan?"

Mai gidan ya share goshi. "To, na tuna. Ya ɗan kwana biyu. Ɗan'uwansa ya zo ya ɗauke shi ran Lahadi."

Aka aika mota ta ɗauko Shitu daga rumbunsa kusa da filin jirgi. Ya shigo da alƙalamin rubutu a kwali maƙale a kunne, yana ta sallama.

"Hajiya, ke ma da gaggawa. Har da 'yan sanda? Ai da kin kira ni."

"Ina Baba?"

"Alhaji na nan lafiya. Wani asibiti aka mai da shi."

Sufeto ya ce da Hausa, "Wane asibiti, Malam Shitu?"

Shitu ya yi turus. Bai zaci haka ba.

"Ranka ya daɗe, sunayen nan nasu ba sa zama mini a ka. Laoban ne ya kai shi." Ya nuna mai gidan.

"Shi kuma ya ce kai ka ɗauke shi. Waye maƙaryacin a cikinku?"



Saje Lin da mutum biyu suka bi gidan ɗaki ɗaki, har kicin da kan rufi. Ba kowa. Sufeto ya buga waya ofishin jin daɗin jama'a, aka haɗa shi da jami'ar da ta jagoranci dubawar.

"Mun ƙirga gadaje, mun duba abinci da magani, komai daidai," in ji ta. "Na'urar kashe gobara ce kawai ba ta cika ba. Na ce masa za mu dawo cikin satin nan, ba tare da sanarwa ba."

Sufeto ya ajiye wayar. Ke nan duk wanda aka ɓoye ran Lahadi har yanzu yana ɓoye. Kwana uku ke nan, ga zafi, ga wadda aka yar a ƙofar asibiti.

Ya tare Mista Luo. "Tsofaffi nawa ne a gidan nan kafin Lahadi?"

"Sai lauyana ya zo."

"Kafin ya zo wani zai mutu."

Mai gidan ya kau da kai.

Sufeto ya koma wajen Habsatou. Ta ga fuskarsa, ta dafa bango.

"Ina zaton yana cikin ginin nan. In kika kira shi zai iya yin wani motsi?"

"Ko sunana ba ya ganewa yanzu." Ta dubi agogon hannunta. "Abu ɗaya ya rage masa. In na ce salla ta yi, yakan lalubi bango da hannun mai lafiya ya yi taimama."

Sufeto ya sa aka kashe fankoki da rediyo. Gidan ya yi tsit, sai tarin wani tsoho daga nesa.

Habsatou ta tsaya a barandar hawa na ɗaya. "Baba, la'asar ta yi."

Shiru.

Suka hau na biyu. Ta ɗaga murya. "Baba, la'asar ta yi, a yi taimama."

Shiru. Shitu ya fara zufa.

A hawa na uku baranda ta ƙare a jikin wani farin bango, an rataya masa jan kyalle mai rubutun maraba da masu duba gida. Habsatou ta kira sau ɗaya. Ta sake kira. Ta rufe fuska da mayafi.

Sai suka ji bugu, mara ƙarfi, kamar an ajiye tafin hannu a kan ganga. Can kuma wani ya biyo.

Saje Lin ya fizge kyallen. Ya ƙwanƙwasa bangon, ya ji katako ne aka shafa wa farar ƙasa. Aka kawo ƙarfe aka ɓamɓare.

Warin da ya fito ya sa ɗan sanda ɗaya ya koma baya yana amai. Ɗakin ajiye bargo ne, ba taga. Mutum huɗu na kwance a kan katifu a ƙasa, uku an ɗaure hannayensu da tsumma a jikin bututu. Ga bokitin ruwa a gefe, ya bushe ƙaf.

Alhaji Tankari na daf da katakon. Leɓɓansa sun tsattsage, idonsa a rufe, hannunsa na kan fuskarsa yana shafawa a hankali. Habsatou ta faɗa kansa tana kiran sunan Allah.

"A kira motar asibiti. Biyu," in ji Sufeto.

Ya juya ɗaya daga cikin allunan da aka cire. Katakon akwatin kaya ne. A bayansa an rubuta da baƙin alƙalami, manya manya: SHITU KANO. Ya juya na biyu, haka. Na uku ma haka.

"Malam Shitu, kowane katako da ya shiga rumbunka sai ka sa masa suna?"

Shitu ya zube a ƙasa.

"Sacewa ake yi a rumbun, ranka ya daɗe, shi ya sa. Wallahi wuni ɗaya mai gidan ya ce mini. Ya ce in aka ga Alhaji za a rufe gidan, ni kuma a kama ni, bizata ta ƙare tun bara. Ni na kawo katakon, ni na buga. Na bar kafa ta sama don a riƙa miƙa ruwa."

"Tsohuwar da aka yar a ƙofar asibiti fa?"

"Jiya ya kira ni na cire allo ɗaya, aka fitar da ita. Na ce a fito da sauran, ya ce sai masu dubawa sun dawo sun tafi."

"Sai ka mai da allon."

Shitu ya sunkuyar da kai. "Na mayar."

Sufeto ya fassara wa Mista Luo. Mai gidan ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya ce matar da ke kai musu ruwa ta gudu tun jiya, shi kuma ya kasa hawowa. Ya miƙa hannu da kansa aka sa masa ankwa.

Ana saukowa da Alhaji a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, Habsatou na biye tana ɗiga masa ruwa da auduga. Ma'aikacin asibitin ya ce wa Sufeto numfashinsa da sauran ƙarfi.

A bakin ƙofa suka haɗu da Shitu, ɗan sanda na riƙe da shi.

"Hajiya, don Allah ki roƙar mini Alhaji ya yafe mini."

Habsatou ba ta dube shi ba.

"Ga shi nan, roƙe shi. Kai ka fi kowa sanin ba ya magana."

 Saje Lin ya dafa kan Shitu ya tura shi cikin mota.