Tumatirin da Ya Koyi Tsoro

A kan rufin gidan Dakta Ladidi, Tsoratau tana ta aikinta. 'Yar na'ura ce kamar kwalbar turare, a soke cikin tukunyar tumatir. Tana aika wa saiwa wata siririyar girgiza, irin ta tsutsa mai cin ganye. Sai shukar ta ɗauka an kawo mata hari, ta cika ganyenta da ruwa mai ɗaci, ƙwari su kauce mata. Ladidi ce ta ƙirƙiro ta, kuma tun da aka raba ta gida-gida a birnin Sabuwar Kadawa, ba wanda ya ƙara neman maganin feshi.

A ƙa'ida, ɗacin a ganye yake tsayawa da ɗanyen tumatir. Da ya nuna sai shukar ta saki jiki, ta janye ɗacin.

Ran nan da azahar mahaifin Ladidi, Malam Shekarau, ya kai loma baki ya tsaya.

"Ladidi, me ya shiga miyar nan? Kamar maɗaci."

"Tumatirin sama ne, Baba. Jawur na tsinko shi."

Don kara ya ci gaba da ci. Bai kai rabin kwano ba maganarsa ta fara sarƙewa, kofin ruwa ya suɓuce daga hannunsa.

A asibiti ba wurin sa ƙafa. Mutane kwance har a baranda, uwaye na jijjiga yara suna kiran sunayensu. Tun kafin Ladidi ta buɗe baki, wata ma'aikaciyar jinya ta ce, "Shi ma tumatirin gida ya ci?"

Nan take Ladidi ta ciro waya ta kashe duk wata Tsoratau da ke birnin. Da likitoci suka karɓi Baba, ta koma gida da abokin aikinta, Injiniya Barau, suka maƙala ma'aunin ɗaci a karan shuka guda.

Allurar ma'aunin na ƙasa. Barau ya sauke ajiyar zuciya.

Ladidi ta matsa don ta duba da kyau, sai allurar ta yi sama. Ta ja da baya, allurar ta sauka. Ta sake takowa a hankali, allurar ta bi ta taku bayan taku.

"Dakta, ai na'urar a kashe take," in ji Barau, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Na sani. Kullum tana cikin firgitar da shukokin muke hawowa tsinka. Sun haɗa zuwanmu da harin." Ta nuna allurar. "Ba tsutsa suke tsoro ba yanzu. Mu ne."

"To a tumɓuke su duka, a ƙona."

Hukumar birni ta yi hakan. Hayaƙi ya rufe benaye, kuma yawancin marasa lafiya suka tashi. Malam Shekarau ya dawo gida da ƙafarsa, sai dai harshensa ya daina bambance zuma da gishiri.

Amma Ladidi ta kasa cin abinci. Ta san shukar da ke cikin firgici takan saki wani ƙamshi don gargaɗin na kusa da ita, kuma duk damina iska daga birni take kaɗawa zuwa gonakin gabas, inda abincin jihar gaba ɗaya yake fitowa.

Da hantsi ta tuƙa mota zuwa can. Dawa ta yi kai, ta sunkuya don nauyi, manoma na wasa lauje suna raha. Ba a taɓa kai Tsoratau gonar nan ba. Ta maƙala ma'auni a kara ɗaya, ta koma nesa ta tsaya tana addu'a.

Wani manomi ya taho da fara'a zai gaishe ta, 'yarsa a kafaɗa tana tsotson karan dawa. Yana takowa, allurar tana hawa.