Auren Mweemba a Tsakiyar Zambezi

"Sibeso! Ɗauki tiren nan ki kai wa ango da amarya," in ji shugabar masu hidima a jirgin ruwan.

Hannunta ya tsaya cak a kan kofin da take gogewa.

"Anti Namwinga, don Allah ki aiki wata..."

"Wa zan aika? Ke kaɗai ce a saman bene yau. Share fuskar nan 'yata, idon mutane na kanki."

Sibeso ta goge idonta da gefen hannun riga, ta ɗauki tiren. Ta nufi inda suke zaune.

Jirgin ruwan nan mai hawa biyu na masaukin baƙi ne, mallakar wani attajiri da ake kira Ba Hamoonga. Kullum da yamma shi ke kwasar Turawa ya zagaya da su cikin Zambezi, su ga dorina da kada da giwaye, su ɗauki hoton faɗuwar rana, ita kuma ta raba musu abin sha tana murmushi. Yau babu Bature ko ɗaya. Yau maigida ne yake aurar da 'yarsa Luyando, kuma tun safe aka ɗaura auren a coci.

Angon yana zaune cikin baƙar kwat, kansa a sunkuye.

Mweemba.

Mweembanta...

"Laa, ƙawata!" in ji amarya, tana gyara farin mayafinta. "Da kanki? Kai, na gode. Mijina, karɓi naka mana."

Ya miƙo hannu bai ɗago ba. Yatsunsa suka taɓa nata a jikin kofin.

Sai da ta ji kamar an ɗora mata garwashi.

Ta juya da sauri kafin hawayen su tona mata asiri.

*

A wannan jirgin suka haɗu, lokacin tana sabuwar zuwa aiki. Shi matuƙi ne. Da yamma ya ja babban jirgi, da safe kuma ya ɗauki ƙaramin mai inji ya kai masu ƙarfin hali tsibirin da ke bakin Mosi, daidai inda kogin gaba ɗaya yake ruftawa ƙasa.

Ranar farko da ya ji sunanta ya fashe da dariya.

"Balozi kuma aka kawo mana? Anti, a ɓoye guzan da ke bakin ruwa, masu cin su sun iso!"

"Ji min Batonge," ta mayar masa. "In an tsaga jikinka madara mai tsami ce za ta fito, ba jini ba. Saniya nawa ka yi wa sallama kafin ka fito yau?"

Wasan taubasai ne, kowa ya san tsakanin ƙabilun biyu. Sai dai nasu wasan bai tsaya a wasa ba.

Kafin ruwan kogi ya ja baya, ya riga ya san ba ta cin nshima, tuwon masararsu, sai da busasshen kifi. Ita kuma ta san in yana cikin damuwa fito yake yi da baki. Wata safiya ya kai ta tsibirin, feshin ruwa ya jiƙa su sharkaf, ƙarar Mosi ta hana su jin juna, sai da ya kai bakinsa kusa da kunnenta.

"Kin ga bakan gizon can? Kullum ina kawo mutane su biya kuɗi su gan shi. Ni nawa yana tsaye a gefena."

"Daɗin baki, Batonge!"

"Ki aure ni, zuciyata."

Ta rufe fuska da tafukanta tana dariya tana kuka.

Mamanta ce ta ce atafau.

"Ɗan kogi?" Mama ta ajiye muciya ta zauna a kan turmi. "Sibeso, kin manta yadda aka zo aka gaya mana? Ubanki ya fita da Turawa a kwalekwale, dorina mai jego ta kife shi. Ko takalminsa ban gani ba. Kabari ma ba shi da shi da zan je in yi masa shara!"

"Mama, Mweemba ya san ruwa..."

"Ubanki bai sani ba? Aikinki ma don jirginku babba ne na haƙura. Amma in zuba ido ki zauna kullum kina sauraron ƙarar inji, kina cewa ko zai dawo ko ba zai dawo ba? Na yi wannan zaman, ke ba za ki yi shi ba. Ya bar kogi, in ba shi ke ko da saniya ɗaya ce. In bai bari ba, kada ya taka min ƙofa."

Da ta gaya masa, ya kamo hannunta.

"Tun ina ɗan shekara goma nake kan ruwa," ya ce a hankali. "Amma zan bari. Masauki na da motocin kai baƙi daji, na iya tuƙi. In maigida ya yarda ya mayar da ni can, shi ke nan."

"Da gaske kake, abin ƙaunata?"

"Kogi ba zai dafa min abinci ba ai."

Ba Hamoonga ba ya zama, rabin watansa a Lusaka yake yi. Luyando ce ke riƙe da ofis, kuma ita ce aminiyar Sibeso, kwano ɗaya suke ci. Ita suka roƙa ta yi wa babanta magana.

"Ku bar min wannan," ta ce tana rungume Sibeso. "Ni ce ma babbar ƙawar amarya."

Bayan kwana biyu Luyando ta ja ta bayan ɗakin wanki, fuskarta duk tausayi.

"Ƙawata, ban san yadda zan gaya miki ba..."

"Baba ya ƙi?"

"Baba ya yarda. Shi ne ya ƙi."

"Wa?"

"Mweemba. Cewa ya yi lallaɓa ki kawai yake yi, wai ba a haifi macen da zai bar kogi saboda ita ba. Amma ki rantse ba za ki ce ni na gaya miki ba. In maganar ta fito Baba zai ce ina kwashe sirrin ofis, ku duka biyun zai kora."

Sibeso ta rantse.

Da yamma ta tare shi a bakin gaɓa yana ɗaure igiya.

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Za ka bar kogin nan ko ba za ka bari ba?"

Ya kauda kai.

"Yanzu dai ba zai yiwu ba, zuciyata. Ƙannena biyu na makaranta. Ki ƙara min lokaci..."

"Lokaci!" Dariya ta yi mai ɗaci. "Na gode. Ka riƙe koginka, Allah ya bar ku tare."

"Sibeso, tsaya mana! Me na yi?"

Ba ta tsaya ba. Ya bi ta gida, Mama ta rufe ƙofa. Ya kira ta a waya har ya gaji. A jirgi in ya yi dama sai ta yi hagu. Luyando ce ke kai masa abinci, wai tana ba shi baki.

Damina ba ta zagayo ba aka kai shanun sadaki gidan Ba Hamoonga.

*

Tafin da aka ɗauka ne ya dawo da ita cikin jirgi. Maigida ya miƙe da kofi a hannu, tumbinsa na gaba, fuskarsa fal farin ciki. Masu kiɗa suka tsagaita. Can gefen tsibiri giwaye na ƙetare ruwa, babu ma wanda ya kalle su.

"Jama'a, wannan surukin nawa taurin kai gare shi!" in ji Ba Hamoonga. "Bara 'yata ta zo ta ce yana son komawa motar daji. Na ce a ba shi sabuwar, har da ƙarin albashi. Washegari ta dawo ta ce ya fasa, wai kogi ne matarsa ta fari! Na ce to, wannan ɗan halak ne, irinsa nake so a gidana!"

Jirgi ya kaure da dariya.

Mweemba ya ɗago kai a karon farko.

"Baba... kun yarda?"

"Na yarda mana! Ka manta?"

"Ce min aka yi kun ƙi." Ya miƙe tsaye. "Ce min aka yi kun ce in na sake tayar da maganar, a bakin aikina."

Dariyar ta mutu.

Tiren ya suɓuce daga hannun Sibeso. Kofuna suka tarwatse a kan katako.

Ya juyo ya kalle ta. Ta kalle shi. Nan take kowannensu ya gane aikin Luyando ne.

"Ku buga kiɗa mana!" Luyando ta ɗaga murya tana dariyar yaƙe. "Baba ya fara sha ne, ku rabu da shi!"

Sibeso ta sauka ƙasa a guje, ta wuce kicin, ta tsaya a ƙarshen jirgi inda injin ke kwarara ruwa. Babu inda za ta gudu. Ruwa ne gaba, ruwa ne baya.

"Sibeso."

"Koma wajen matarka."

"Me ta gaya miki? Don Allah me ta gaya miki?"

"Cewa ta yi an ba ka ka ƙi... wai ba a haifi macen da za ka bar kogi saboda ita ba."

Ya dafe ƙarfen jirgin da hannu biyu.

"Kuma kika yarda? Ni? Me ya hana ki tambaye ni?"

"Na tambaye ka! Ka ce ba zai yiwu ba!"

"Don an ce min an ƙi! Kunya ce ta hana ni gaya miki na kasa, ina ta neman wani aikin a ɓoye... Wayyo Allah, Sibeso, me muka yi wa kanmu?"

"Abin da kuka yi wa kanku kenan."

Luyando ce tsaye a bakin matakala, ta tattare farar rigarta a hannu. Babu sauran dariya a fuskarta.

"Eh, na yi. Ba zan musa ba. Na riga ki ganinsa, Sibeso. Tun ina 'yar sakandare nake zama a bakin gaɓa ina kallonsa, bai taɓa sanin ina yi ba. Kika zo, wata ɗaya tak... Kuma kullum sai kin zaunar da ni kin ba ni labarin abin da ya ce miki!"

"Kwano ɗaya muke ci, Luyando..."

"Na sani."

"Na kira ki 'yar'uwata!"

"Na sani!" Hawaye suka wanke mata kwalliya. Ta ɗora hannu a kan cikinta, ta kalli Mweemba. "Ka tsane ni in kana so. Amma wannan bai yi maka ƙarya ba."

Sibeso ta bi hannun da kallo. Sai yanzu ta lura da yadda aka saki ɗinkin rigar daga ƙugu.

Ashe ciki ne da ita.

"Zuciyata," Mweemba ya matso, idonsa jajur. "Kalma ɗaya za ki ce. Jirgin nan na tsayawa zan cire zoben nan, mu tafi ko ina ne. Zan riƙe ɗana, amma..."

"Kada ka ƙara kira na da wannan sunan."

"Sibeso..."

"Na tashi ba uba, Mweemba. Na san yadda abin yake. Ba da hannuna za a yi wa wani ba."

Ta ratsa ta tsakaninsu, ta ɗauki tsintsiya a kicin, ta hau sama ta share fasassun kofunan a gaban kowa. Rana ta faɗi ja wur a kan ruwa. Anti Namwinga ta durƙusa kusa da ita tana tayawa, tana hawaye.

*

Da Mama ta ji labarin, ta sunkuyar da kai.

"Ashe yaron ya so ya bari..."

"Ya so, Mama."

"Ni na rufe masa ƙofa. Yana tsaye cikin rana yana roƙo, na rufe." Ta jawo ta jikinta. "Gudun kuka nake miki, 'yata. Ga shi kina yi."

Sibeso ba ta koma masauki ba. Ƙanwar Mama na da shagon ɗinki a Mongu, can ta ce za ta tafi.

Da safe a tasha, ta riga ta zauna a bakin taga, jakarta a cinya, sai ta ji fito. Fiton da ta sani.

Yana tsaye a ƙasa da rigar aiki, da alama daga bakin kogi ya taho a guje.

"Anti ce ta gaya min. Sauko mu yi magana, ko minti ɗaya ne."

Ta girgiza kai.

"To ki ce kin yafe min."

"Ba ka yi min komai ba."

"Za ki dawo?"

"Koma, Batonge. Baƙinka na jira a gaɓa."

Ya ɗora tafinsa a jikin gilashin. Ta ɗaga nata, ta kusa kaiwa, sai ta mayar da shi cinya ta danne da ɗayan.

Kwandasta ya buga jikin mota. Suka tashi.

Ba ta waiwaya ba sai da suka bar gari. Ko da ta waiwaya, farin hayaƙin Mosi kawai ta hango yana tashi sama a bayan bishiyoyi.

Nan kukan ya ƙwace mata.

Tsohuwar da ke gefenta ta gyara kazar da ke cinyarta, ta dafa kafaɗarta.

"Sannu jikata, sai haƙuri. Wa ya rasu?"

Sibeso ta haɗiye kukan da ƙyar.

"Babu wanda ya rasu, Kaka," ta ce. "Kowa na nan da ransa."