Mai Jar Hula Ya Tuba Ko Bai Tuba Ba

Ranar kasuwar Buza ce, rana ta take. Abdulmumin na zaune a 'yar rumfarsa ta sharjin waya da tura finafinai, sai wata budurwa mai shuɗin hijabi ta sauke kwandon albasa a gabansa ta miƙo waya.

"Ka sa mini fim mai tsawo. Kakata ce ciwon ƙafa ya kwantar, tana son abin kallo."

Ya ɗago ya dube ta, nan take lissafi ya kwance masa. Mutumin da ke wannan aiki ko ido rufe, ranar sai ya rasa inda zai danna. Ya tura mata wani dogon fim na Turawa mai kashi-kashi, na gawarwakin da ke tashi suna yawo suna cizon mutane. Ko wa ya ce masa wannan ne abin kallon tsohuwa mai jinya, oho!

"In bai buɗe ba ki kira ni," ya ce, yana sa mata lambarsa. "Wa zan ce ta kira?"

"Aziza, daga Allakaye," ta ce, ta ɗauki kwandonta tana ɓoye murmushi.

Bayan kwana biyu saƙo ya shigo.

"Salam Mai Sharji. Fim ɗinka ya ruɗa mu. Likitar nan mai farar riga, jiya Mai Jar Hula ya rufe mata ƙofa gawarwaki sunka cinye ta, Gogo har da kuka. Yau ga ta tana dahuwa lafiya lau. Mi ke nan?"

Abdulmumin ya dafe kai. Ashe a ruɗewar da ya yi, kashin ƙarshe ya jera a sama, na farko a ƙasa. Aziza da kakarta Gogo ta baya suke kallon fim ɗin. Ya rubuta gaskiya, ya goge. In ta sani ai cewa za ta yi bai san aikinsa ba, ta koma wata rumfar.

"Ki ci gaba da kallo, za ki gane," ya rubuta. "Duk abin da ya shige miki duhu ki tambaye ni."

A ainihin fim ɗin, Mai Jar Hula direban motar 'yan lakwal ne, wato 'yan makaranta, mutumin kirki. Da annoba ta zo ya bar matarsa da 'yarsa ya tafi neman abinci, bai koma ba. Zuciyarsa ta yi ta bushewa har ya kame wani dam, yana korar masu ƙishirwa zuwa bakin gawarwaki. Amma a Allakaye labarin daban ne. Can da mugunta ya fara, kullum yana ƙara laushi, waɗanda ya kashe suna dawowa ɗaya bayan ɗaya, har a ƙarshe ga shi ya goya 'yarsa yana dariya.

Tambaya kuwa ba ta ƙare ba, daga ita aka zarce wata hira.

"Albasata, kin sa ni hawaye yau, ban ga saƙonki ba."

"Rezo ne babu, waya ba ta kamawa, Sharjina. Gogo ta ce a tambaye ka, tsohon nan da aka binne shekaranjiya, wa ya tono shi har ya yi aski?"

"Ki ce mata ikon Allah ne."

Kai, Abdulmumin! Ya so ya faɗa mata fa. Wata ranar kasuwa har ya buɗe baki, sai ta riga shi. Ta ba shi labarin mahaifinta Manzo, wanda ya tafi ci-rani Abijan tana goye, ya share shekaru ba aike ba labari. Mahaifiyarta Cima ta rasu tana jiran sa. Ya dawo da furfura, yanzu ba ya wuce gona da masallaci, amma ita ta kasa sakin jiki da shi.

"Ranar da na ga Mai Jar Hula ya tuba ya koma ga ɗiyarsa, ranar na fara zama kusa da Baba ina yi masa hira," ta ce, idonta ya kawo ruwa. "Na ce ashe mugu na gyaruwa."

Abdulmumin ya haɗiye maganarsa. Tausayinta ya kama shi, son ta ya ƙara kama shi, tsoro kuma ya fi su duka.

Da ya tura manyansa Allakaye, Manzo ya ce a ba shi lokaci. Shi dai bai ga dalilin ba da 'yarsa ga mai tallan gawarwaki ba. Ga kuma Mu'awiya, ɗan amininsa, ya dawo daga Agadas da sabon moto, wato babur, ya ce shi ma yana ciki.

Mu'awiyan ne ya fasa ƙwan. Ya zo zance da la'asar, ya tarar da Aziza tana ba ƙawayenta labarin tuban Mai Jar Hula, sai ya tuntsure da dariya.

"Tuba? Wanga fim na kalle shi tas a Agadas. Mutumen kirki ne ya lalace, a kan muguntarsa ya mutu. Likitar ma ba ta dawo ba. Ta baya kuka kalla, mai rumfar ya maishe ku sakarkaru!"

Ƙawayen suka kwashe da shewa. Aziza ta shige gida ba sallama, ta rubuta wa Abdulmumin:

"Ka sani ka bar ni ina yabon mai kisa gaban mutane? Yanzu ban san wa ya mutu ba, ban san wa ke raye ba. Ban sani ba ko kai ma ta baya nake kallon ka."

"Albasata, kuskure ne ya fara, tsoro ya ƙarasa. Don Allah ki saurare ni."

Ba ta amsa ba. Ya kira har ya gaji. Mai sharjin wayoyin kasuwa guda, sai ga tasa wayar tana mutuwa a hannunsa bai lura ba.

A gida kuma Manzo ya ga 'yarsa ta koma gaisuwa daga nesa. Ya tambayi Gogo, wadda ita ce mahaifiyarsa, ko lafiya.

"Mai Jar Hula ne," in ji Gogo. "Da can ya tuba, yanzu an ce bai tuba ba. Likita ta mutu ta tashi, an ce tashin ne farko. Ni dai a bar ni da ciwon ƙafata."

Manzo bai fahimci ko kalma ba. Ya karɓi wayar, ya sa aka jera masa fim ɗin daidai, ya riƙa tafiya da ita gona yana kallo a gindin gawo. Da ya gama ya aika a kira samarin biyu. Suka zauna a zaure, Aziza na laɓe bayan zana.

"Mutumen nan mai jar hula," Manzo ya ce, "mugu ne ko ba mugu ba ne?"

"Mugu ne, Baba!" Mu'awiya ya yi caraf. "Duk namijin da ya bar mata da ɗiya ya tahi bai waiwayo ba, ai ya gama lalacewa. Irinsu ba su gyaruwa."

Sai da maganar ta fita ya tuna gaban wa yake, ya shiga gyaran hula.

"Kai fa?" Manzo ya dubi Abdulmumin.

Abdulmumin ya yi ta murza yatsu. "Baba, wallahi ban sani ba. Na kalla ta gaba na tsane shi, na ji ta bakin Aziza na tausaya masa, yanzu ni ma na ruɗe. Abin da na sani, waɗanda ya kashe ba su dawo ba, ni na dawo da su da kuskurena, kuma na ɓoye. Amma shi, da ya juyo gida ko da rana ɗaya kafin ya mutu, ni ba zan rufe masa ƙofa ba."

Manzo ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, zanar ya duba.

"Aziza, na san kina nan. Uwarki ba za ta dawo ba, ko ta ina aka kalli labarina. Na cuce ta, na cuce ki. Ni dai na juyo, abin da na iya ke nan. Ki yafe mini."

Kuka ya ƙwace mata. Ta fito ta durƙusa gabansa ta riƙe hannunsa, ta ce ta yafe duniya da lahira. Gogo daga ɗaki tana ta tambaya wa ya mutu kuma.

"Wanga yaron kina son sa?" Manzo ya tambaya.

Ta share ido, ta harari Abdulmumin. "Maƙaryaci ne, Baba."

"Ba shi na tambaye ki ba."

Ta rufe fuska da hijabi. Mu'awiya ya tashi ya ce ya tuna bai kulle motonsa ba.

Kafin Abdulmumin ya isa Buza saƙo ya riga shi: "Sharjina, na huce. Amma ka sake ɓoye mini wani abu, ni da kaina zan miƙa ka ga gawarwaki."

Bayan an cire amfanin gona aka ɗaura aure a Allakaye, 'yan kasuwar Buza suka cika gari. Da za a tafi da amarya, Manzo ya ja ango gefe, ya riƙe kafaɗarsa.

"Abu guda nake roƙon ka. In tahiya ta kama ka, ko ina ne, ka tahi da ita."

"Na ɗauka, Baba," in ji Abdulmumin.

Manzo ya ɗaga hannu, jama'a suka ɗaga. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari, ya haɗa kansu har tsufa. Aziza daga cikin lulluɓi ta amsa da amin, ta fi kowa ɗaga murya.