Sandar Ƙarfe a Bakin Gonar Rake

Ramla ta fara ganinsa ne ranar da ta kai wa mahaifinta Malam Datti koko gonar rake, a bayan Nasarawan Doya. Dogon saurayi ne tsaye a fili yana kaɗa sandar ƙarfe, ba kuma abin da yake duka. A ƙasa ga wata 'yar na'ura, duk kaɗawa sai ta yi ƙara.

"Sannu da aiki," ta ce daga nesa. "Wa ya yi maka laifi?"

Ya yi dariya. Sunansa Mu'awiyya, ɗaukar jakar masu wasan golf yake yi a Zariya, nan kuwa gidan kawunsa yake zuwa duk ƙarshen mako. Sandar ta wasan ce, na'urar kuma saurin kaɗa ta take aunawa. Kocinsa ya ce in ya kai ɗari da biyar zai sa shi a gasa, shi kuma ya maƙale a casa'in da takwas.

Tun daga ranar, kokon Malam Datti a huce yake isa gona.

Da magabatan Mu'awiyya suka shirya zuwa neman aure, sai Gambo mai shagon caji, wanda ya daɗe da sa ido a kan Ramla, ya riga su zuwa wurin Malam Datti.

"Baba, ni abin da na gani nake faɗa. Baƙo a bakin daji, da ƙarfe, da na'ura mai lambobi. A wannan zamani, wa yake kai wa rahoto?"

Malam Datti ya aika wa magabatan cewa su dakata. Kai kokon ma ya hana.

Ramla ta yi kwana biyu tana juya maganar, sannan ta tura saƙo:

"Nawa, Baba ya ce a dakata. Gaya mini gaskiya ko da ɗaci: lambobin nan wa kake tura wa?"

"Hasken idona, har da ke? Kocina kaɗai. Gobe da hantsi ina inda kika fara ganina. Mai shakka ya zo ya tsaya a kaina."

Ta karanta wa mahaifinta, kanta a sunkuye.

Washegari Malam Datti ya laɓe cikin rake da addarsa. Ya ga kaɗawa goma, bai ga an kira kowa a waya ba. Abin da ya gani dai ya fi ƙarfin haƙurin mutumin da ya shekara arba'in yana sara.

"Kai yaro, wa ya koya maka sara haka?"

Mu'awiyya ya durƙusa zai gaishe shi.

"Tashi. Ka damƙe ta kamar za a ƙwace maka, kuma da kafaɗa kake aiki. Mai saran rake da kafaɗa ba ya kaiwa azahar. Sassauta. Ƙafa ta fara, ƙugu ya bi, hannu ne na ƙarshe."

Ya nuna masa a jikin rake, sara ɗaya. Mu'awiyya ya gwada: ɗari da ɗaya. Ya sake: ɗari da huɗu.

Tsohon ya harari na'urar. "Ba ni sandar."

Ya kaɗa a hankali, lamba ta fito ƙarama. Ya kaɗa da ƙarfi, ta hau. Sau bakwai yana jarraba ta, bai kama ta da ƙarya ba. Ya miƙa sandar.

"Saura ɗaya ka cike. Ka ce wa kawunka ina gida ranar Juma'a."

Bayan an gama saran rake aka ɗaura aure, mako biyu kafin gasar. Da yammar ranar saƙon Mu'awiyya ya shigo:

"Amaryata, ɗari da shida."

"Ka gode wa surukinka," ta rubuta.

A wurin walima wani dattijo daga Ikara ya tambayi sana'ar ango.

"Saran rake yake yi," in ji Malam Datti, "raken ne kawai babu. Allah ya ba su zaman lafiya."

Jama'a suka ce amin.