Baƙon Shagon Gem

Ina shirin rufe shagon gem ɗina wani baƙo ya shigo, ya zauna gaban wasan aljanun da samari ke rububi.

Na ce, "Shirme ne, malam. Kullum aljani da kofato, sai ka ce masu haɗa wasan ba su da wata basira."

Don ya gaji ya tafi, na miƙa masa wani fad, abin sarrafa wasan, wanda ya mutu tun bara. Sai ga ɗan wasansa yana gudu a allo. Sanyi ya cika shagon, da warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na saci kallon ƙafarsa: silifas ne, yatsu biyar cif.

Bakinsa a rufe yake, amma a cikin kunnena na ji tsakinsa.

"Kai ma ƙafar kake dubawa?"