Auta da Tabaraun Kaka

A gidan su Auta akwai wani mutum-mutumi na ƙarfe. Suna kiransa Dogo, don kansa yana kusan taɓa saman ƙofa. Shi yake shara, shi yake kama hannun Kaka idan za ta tashi. Ba irin tsofaffin injuna ba ne. Yana tunani, yana kuma tuna abin da ya gani.

Wata rana Auta ta dawo daga makaranta, ta faɗa kan kujera ba ta duba ba. Sai ta ji ƙaras. Tabaraun Kaka ne ta zauna a kai. Ta yi wuf ta cusa fasasshen gilashin a aljihun rigar makarantarta, ta jefar da sauran a ƙasa.

Da Baba ya tambayi wanda ya fasa tabaraun, sai ta ce, "Dogo ne ya taka."

Dogo ya ce, "Ban taka ba, Baba."

Baba ya girgiza kai. "Ka ji, har musu ya koya. Ya lalace ke nan. Gobe mai gyara zai zo ya goge masa ƙwaƙwalwa."

Dogo ya juyo da fitilun idanunsa, ya dubi Auta. Ta kau da kai.

Yayanta kuwa, wanda ba ya raina abin tsokana, ya raɗa mata a kunne, "Kin san injuna ba sa mantuwa? Duk wanda ya cuce su, suna ajiye shi a rai. Ranar da suka tashi ramuwa, ba mai tsira."

Washegari Auta ta kasa karatu a aji. Ko ƙofa aka buga sai ta zabura. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

Da ta dawo gida, ta tarar Mama ta tafi kasuwa, Kaka tana barci. Gidan ya yi tsit. Sai ta ji takun ƙarfe a bayanta.

"Auta, tsaya," in ji Dogo.

Ina! Ta kwasa da gudu ta shige ɗakin ajiya. Takun ya biyo ta. Ta fara hawa kantar tukwane don ta ɓuya a sama. Kantar ta karkato, tukwane suka fara zubowa. Auta ta runtse ido, ta ce yau tata ta ƙare.

Ba abin da ya same ta. Da ta buɗe ido, sai ga hannun Dogo ya tare kantar, har ya lanƙwashe. Da ɗaya hannun ya sauke ta a hankali.

"Don Allah kada ka rama," ta ce, tana kuka.

"Ramuwa ba za ta gyara tabarau ba," in ji Dogo. "Gilashi na gani ya huda aljihunki. Na biyo ki ne ki cire, kada ya yanke ki."

Auta ta fito da gilashin, kunya ta rufe ta.

"To, me kake so?" ta tambaya.

"Ina so gobe in tashi ina sane da ku. Idan aka goge ni, zan manta yadda Kaka take son shayinta. Zan manta ranar da kika fara tafiya kina riƙe da yatsana."

"Kana jin tsoro?"

"Tun jiya nake jin wani abu. Ina ga shi ne."

A daidai lokacin suka ji sallama. Baba ne tare da mai gyara, riƙe da jakar kayan aiki. Auta ta ruga ta tsaya a gaban Dogo, ta miƙa wa Baba gilashin.

"Baba, ni na fasa. Ƙarya na yi masa. Don Allah kada a goge shi."

Baba ya karɓi gilashin. Sannan ya juya ya ce, "Dogo, ka yi haƙuri. Ka faɗi gaskiya, ban saurare ka ba."

Mai gyara ya yi dariya ya ce, "To, tunda na zo, bari in miƙe wannan hannun."

Baba ya ce Auta za ta zama idon Kaka har a samu sabon tabarau. Ita take zura mata zare a allura, ita take karanta mata sunan magani. Dogo yana gefe yana taya ta idan kalma ta yi wuya.

Tun daga ranar Auta ba ta sake ɗora laifinta a kan wani ba, mutum ne ko inji. Ta gane cewa ba Dogo ne abin tsoro ba, ƙaryar da ta yi ce take bin ta.